Ranar da "To" Ta Kusa Raba Ni da Hajiya

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙasar nan waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma zaman da muka yi a falona na Sparkbrook a kan maganar Hajiya, wannan ko na so in manta ba zai bar ni ba. Har yau in na ji wani ya ce "ai ta yarda," sai in ji kamar in tare shi in tambaye shi: da bakinta ta faɗa, ko kai ne ka ƙarasa mata?

Hajiya mahaifiyata ce. Ta dawo wurina a Birmingham bayan rasuwar Baba, ta zauna lafiyarta ƙalau har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Bakinta ya dawo, alhamdu lillahi, kuma ya dawo da kaifinsa, amma ƙafar hagu da hannun ba su dawo daidai ba. Gidajen unguwarmu a jere suke, matsattsu, matattakalar bene a miƙe kamar tsani, don haka muka sauko mata da gado falon gaba, jikin taga. Nan take wuni da carbinta tana kallon masu wucewa masallaci da masu dakon kaya daga shagunan Stratford Road, tana yanke hukunci a kan tafiyar kowa.

Ni kuwa aikin akanta nake yi a wani kamfani. Maigidana injiniya ne, aikinsa na yawo, yau yana nan gobe ba ya nan. Ga yara, ga girki, ga Hajiya. Sai a lokacin na san akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Na sha zarce inda zan sauka a bas saboda gyangyaɗi, na sha zuba gishiri sau biyu a miya. Wanda duk ya tambaye ni ya gida, sai in ce lafiya lau, don ba ni da ƙarfin ba da doguwar amsa.

Council, wato ƙaramar hukumar garin, ita ce ta turo mana mai kula da Hajiya. 'Yar Kolombiya ce, ta yi shekaru a Sifen kafin ta ƙetaro Ingila, Sifaniyanci ne harshenta, Turancinta kuwa na lallaɓawa. Gajeriya, ƙaƙƙarfa, ga dariya ba wuya. Ranar farko Hajiya ta ƙare mata kallo ta ce, "Wannan ai Balarabiya ce, ita ce dai ba ta sani ba." Duk bayanin da na yi bai shiga ba, na haƙura. Abin mamaki, sai jininsu ya haɗu. Hajiya na zuba Hausa, ita tana zuba Sifaniyanci, sai ka jiyo su suna ƙyaƙyata dariya, Allah kaɗai ya san a kan me. Ta koyi dama kunun gyaɗa. Ta kai ma in ba ita ba, Hajiya ba ta yarda kowa ya shafa mata man zafi a ƙafa, har da ni da ta haifa. Mu a gidan ba mu kiranta da komai sai ƙawar Hajiya.

Wata rana da yamma na shigo ko takalmi ban cire ba, ta tare ni a kicin tana murza hannu. Tana da jarrabawar Turanci a kwalejin da take zuwa, abubuwa biyu kuma sun tsaya mata a wuya: yadda ake maimaita maganar wani, da yadda ake nuna an yarda da abin da wani ya faɗa. Ko zan ɗan duba mata? Wallahi a raina cewa na yi, ni ma wa zai duba ni? Amma wanda ya kula maka da uwa ba ka hana shi ƙaramin abu. Muka fara zama a teburin kicin bayan ta tashi aiki, ni ina yanka albasa, ita tana fama da littafinta, ta kuma laƙaba mini "teacher".

Matsalarta ta farko, su a harshensu kalma ɗaya ce ke ɗaukar "say" da "tell". Don haka kullum "she said me", "he said me". Na ce mata mu ma Hausawa muna da "ce" muna da "gaya", ba a cewa "ta ce ni", sai "ta ce mini" ko "ta gaya mini". Ta gyaɗa kai, ta gane, ta sake cewa "she said me". Na biyu, ja da lokaci baya. Na ce mata Bature in zai maimaita maganar da aka yi, sai ya tura ta taki ɗaya baya. Don in ba ta misali na faɗi abin da ya fi kusa da bakina: in na ce "I am tired," wato na gaji, ke in za ki kai labari sai ki ce "she said she was tired." Ta ajiye biro ta dube ni.

"Why was?" in ji ta. "You are still tired."

Wato me ya kawo zancen da, alhali har yanzu a gajiye nake. Na yi dariya na ce ta tambayi Turawa, ni ma haka na tarar. Na gaya mata in abin bai sauya ba tana iya barinsa yadda yake, amma a jarrabawa ta ja shi baya, shi suke son gani. Ta rubuta, fuskarta na nuna ba ta gamsu ba.

A cikin zaman nan ne ta tambaye ni wata kalma da take yawan ji a bakin Hajiya in tana waya da mutanen Kano: "wai". Na yi mata bayani cewa in Bahaushe ya sa "wai" a gaban magana, ya zare hannunsa ke nan, ji ya yi, bai gani ba, kada a kama shi. Kafin in rufe baki ta buga tebur ta ce, "Dizque!" Ashe su ma a ƙasarsu suna da tasu, sak. Muka yi ta dariya muna tausaya wa Turawa, duk faɗin harshensu sai sun ɗauko doguwar kalma kafin su yi abin da mu muke yi da numfashi ɗaya. Daga ranar, in an ce bas na nan tafe, sai ta ɗaga gira ta ce "wai".

Inda ta fi wahalar da ni shi ne wajen yarda. "I am agree" take cewa, don haka ginin yake a harshenta. In ka ce kana son shayi, "me too". In ka ce ba ka son sanyi, nan ma "me too". Na yi bayanin "so do I" da "neither do I" har bakina ya bushe. Wata rana da kaina ke sarawa, na yanke mata gajeriyar hanya. Na ce duk inda ta ji "don't", ta ce "neither do I," wato ni ma haka, shi ke nan. Muka yi ta maimaitawa. In ce ba na son ruwan sama, ta ce "neither do I." In ce ba na son ranar Litinin, ta ce "neither do I." Ya zauna mata daram, ko cikin magagi aka tashe ta za ta faɗa. Na ji daɗi ƙwarai, a ganina na sauke kaya ɗaya.

Ana cikin haka Hajiya ta zame a banɗaki. Ba ta karye ba, amma ƙugunta ya yi baƙi, kuma sai da muka kira maƙwabciya kafin muka iya ɗaga ta. Labari ya kai wa yayana a Manchester. Likita ne, gidansa can wajen Fallowfield, shi ne kuma ɗan farin Hajiya. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Hajiya ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa, ko "likitan naku". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta musu da shi. Ya taso ranar hutunsa, idonsa jawur don shi ma aiki ya ci shi, ya zauna da ita ni ina sama ina ninke kaya. Da zai tafi ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Na samo care home, gidan kula da tsofaffi, kusa da ni," ya ce. "Akwai halal, akwai nurses dare da rana. Dubi yadda kika koma, ke ma ai patient ce. Na yi wa Hajiya magana, ta yarda."

Na ce, "Ta yarda, Yaya?"

Ya ce, "Ta yarda mana."

Na ji zafi cewa uwata za ta yarda ta bar gidana ba tare da ta ko yi mini zancen ba. A ƙarƙashin zafin kuma, gaskiya ɗaya ce, akwai wani wuri a jikina da ya yi ajiyar zuciya. Hajiya ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ta dai rage surutu, ta daina yanke hukunci a kan masu wucewa.

Aka sa ranar da jami'ar council za ta zo ta duba halin da ake ciki, don sai da sa hannunsu za a yi sauyin. Mai fassarar Hausa da aka nema ba ta ji daɗi ba ranar, aka ce ni in riƙa fassarawa. Muka haɗu a falon da rana tsaka: Hajiya a kan gado da carbinta, Yaya a kujera, jami'ar da littafinta a cinya, ƙawar Hajiya tsaye jikin ƙofa da sabuwar riga, don an gaya mata za a ji ta bakinta, ta kuma ɗauki abin kamar jarrabawa.

Yaya ya fara bayani da Turancin nan nasu na likitoci, da sauri, kalma na hawa kan kalma, ga karin harshen Manchester da ya kwasa. Ni kaina sai na kasa kunne. Ya yi zancen faɗuwar, ya yi zancen banɗaki, ya ce ya tambayi Hajiya ta amince. Ya rufe da cewa, "I don't think she can stay in this house." A ganinsa ba za ta iya ci gaba da zama a gidan nan ba. Jami'ar ta juya wajen ƙofa ta ɗaga gira, tana neman ra'ayin wadda ke wuni da Hajiya kullum.

Baiwar Allah ba ta tsinci komai a cikin dogon jawabin ba sai kalma ɗaya, "don't". Ta miƙe sosai, ta gyara murya, ta ce, "Neither do I."

Ya fito tas, ko Baturiya sai haka. Har ta saci kallona tana murmushi. Jami'ar ta gyaɗa kai ta rubuta, ta ce to tunda ɗa ya ga haka, mai kula ta ga haka, ita ma mai abin ta amince, aikin zai zo da sauƙi. Sai ta dube ni. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne bari in kawo shayi.

Ina sa ruwa a wuta ta faɗo kicin tana rawar ƙafa. "Teacher, I did good?" Na ce mata Turancin ya yi kyau, amma ta san abin da ta yarda da shi? A hankali na warware mata: ta gaya wa jami'ar ita ma tana ganin Mama ba za ta iya zama a nan ba, za a kai ta Manchester. Na ga murmushin ya zube daga fuskarta. Ta dafe kai ta yi ta jero wasu kalmomi da harshensu, na san dai ba yabo ba ne. Sannan ta kama hannuna ta tambaye ni, Mama ce ke son tafiya?

Ban san lokacin da Hausa ta kuɓuce mini ba. Na ce, "Wai."

Ta tsaya cak. "Wai? Dizque?" Ta nuna ni da yatsa, ta nuna falo. "She said you, or she said him?"

Kuskuren nan dai da na yi wata da watanni ina gyarawa, amma ranar ban gyara ba. Tambayarta ita ce, ni Hajiya ta gaya wa, ko shi? Kuma amsar na riga na ba ta da bakina. Da na ji daga Hajiya, ai ba zan ce "wai" ba.

Ba ta jira shayi ba. Ta koma falo, ni ina biye da ita hannu wofi, ta tsaya a gaban jami'ar tana haki. "Sorry. I said neither do I. Is wrong. I am not agree." Wato ta yi kuskure, ita ba ta yarda ba. Duk kurakuran da na kora suka dawo tare a numfashi ɗaya, ni kuwa ban taɓa jin Turancin da ya yi mini daɗi irinsa ba. Jami'ar, Allah ya saka mata, ba ta yi dariya ba. Ta ajiye biro, ta ce to a koma baya. Ta juya ga Yaya ta tambaye shi, da ya yi wa mahaifiyarsa maganar, mene ne ainihin abin da ta ce, kalma da kalma?

Yaya ya ce, "She said 'to'. It means okay." Yana faɗa muryarsa na raguwa, don shi ma Bahaushe ne, a gidan da na tashi ya tashi. Ya san "to" ɗin da Hajiya ke yi in an miƙa mata kunu, ya san wanda take yi in an kawo mata zancen da ba ta so daga bakin wanda take jin nauyi. Ya shafa fuska. Sai ya sauko daga kujera ya durƙusa a gefen gadon.

"Hajiya, ranar nan da na yi miki maganar Manchester, kika ce to."

Hajiya ba ta dube shi ba. Tagar ta kalla, ta kuma yi magana kamar da labulen take. "To na ce mana. Mutum ya taso tun daga wani gari da gajiyarsa ya kawo magana, me zan ce masa? An gaya mini ne, ba a tambaye ni ba."

"To yanzu ina tambaya, Hajiya."

Ta ja carbi kamar ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Ni ba na son zuwa ko'ina. Tagar nan ta ishe ni, ga Balarabiyata. Amma yarinyar nan ta ƙare. Ina jin hawanta bene, sai ta tsaya a tsakiya ta huta, tana tsammanin ba na ji. Na ce in tafiyata ce hutunta, to."

Jami'ar ta dube ni tana jira, don aikina ne in kai maganar. Na so in ba ta rabin farko in haɗiye sauran. Wace 'ya ce za ta tsaya a gaban baƙuwa ta ce kula da uwarta ya gajiyar da ita? Amma sau biyu a zama ɗaya an riga an sa wa mutane maganar da ba tasu ba, ba zan zama ta uku ba. Na ce ta ce ba ta son tafiya. Na ce ta ce ta amsa ne saboda ni. Sai na zo kan wurin mai wuya, na bi ƙa'idar da na koyar, na tura shi baya yadda zai yi mini sauƙin faɗa: "She said I was tired."

Daga bakin ƙofa, a hankali, ƙawar Hajiya ta ce, "No was. Is." Wato ba da ba ne, har yanzu a gajiye nake.

Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da na daɗe ina ɗagawa zuwa gobe. Hajiya ta miƙo hannunta mai lafiyar ta dafa kaina, tana cewa in yi wa Allah in daina ba ta kunya a gaban Baturiya.

Hajiya ba ta je Manchester ba. Zaman ya koma kan abin da ya kamata tun farko a yi zancensa. Aka ƙara wa ƙawar Hajiya lokaci, aka kafa ƙarafan dafawa a banɗaki. Yaya ya shiga zuwa ƙarshen mako in ba ya aiki, yana shigowa zai kore ni sama in kwanta. Har kunu ya koyi damawa, duk gudaji, Hajiya ta karɓa ta ce "to," mu duka mu fashe da dariya don mun san wane iri ne. Gajiya ba ta tafi gaba ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya, amma ta zama irin wadda mutum ke iya ɗauka. Ɗalibata kuma ta ci jarrabawarta, bayan na zauna na koya mata abin da gaske: ta fara jin me aka ce kafin ta yarda.

A wannan falon, jikin wannan tagar, Allah ya karɓi Hajiya bayan wasu shekaru. Ƙawarta ta zo ta'aziyya da ɗankwali a kanta, ta zauna cikin mata har aka watse. Da na rako ta bakin ƙofa na ce mata da Turanci ban san yadda zan saba da gidan nan babu Hajiya ba. Kalmar nan ta "don't" tana cikin maganar. Na ga ta tsaya, ta juya abin a ranta, ta tabbatar ta ji ni. Sannan ta ce, "Neither do I."

Abin da na ɗauka daga wannan rana ke nan. Maganar mutum amana ce, in za ka kai ta, kai ta yadda ya faɗa, kada ka ƙara mata gishiri don kana ganin alheri ne. In kuma wanda ke jin nauyinka ya ce maka "to," kada ka miƙe da murna. Koma ka zauna, ka sake tambayarsa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.